Keken Tanko Wanzam da Takalmin Aro

An kawo ni Gwarzo daga Kabo a shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma dama. Ban san lissafin shekarun boko ba, amma na san direban da ya ɗauko amarya ya yi ta mantuwa yana komawa tsohon hannunsa, gwaggonnina a baya suna ta salati har muka iso. Ba a jima ba aka yi farin nan da ya ƙarar da shanun Fulani. Abin da zan ba ku labari kuwa can gaba ya faru, bayan an rufe kan iyaka an canza launin kuɗi, lokacin da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, sabulu da madarar gwangwani suka koma sai an bi layi.

Ran nan na ji ku a tsakar gida kuna cewa haɗa keke ba wata sana'a ba ce, wai mutum ya je Kano ya sayo kaya a kwali, ya dawo ya ɗaɗɗaure da sifana, shi ke nan. Ina alwala ne shi ya sa ban tanka ba. Yau ku zauna ku ji daga bakin wadda ta yi.

Maigidana, wanda gari ke kira Mai Keke, sunansa na yanka kuwa ba a bakina za ku ji shi ba, a zauren gidan nan yake aiki. Faci, gyaran birki, sauya boris, ƙarin sarƙa, duk babu na biyunsa. Abu ɗaya ne ke ɓata masa rai, ɗaurin ƙafa. Ƙafar keke abu uku ce: akwai rim, zoben ƙarfen nan da taya ke hawa, akwai cibiya a tsakiya, sai wayoyin da ke riƙe su. Kowace waya jan rim take yi wajenta. Da zarar ɗaya ta fi 'yan'uwanta ja, sai ƙafa ta karkace ta riƙa gogar birki tana kuka. Malam mutum ne mai gaggawa. Ya ja nan, can ta kauce, ya koma can, nan ta kauce, har ya yi jifa da makulli.

Ƙafar da na fara taɓawa ta wani mai sayar da kananzir ce. Malam ya shigo da ita cikin gida ransa a ɓace, ya jingine ta a jikin rumbu ya tafi masallaci. Ni kuwa jikar masu saƙar faifai ce, tun ban iya ɗaura zani ba nake riƙe da kaba. Na dubi ƙafar nan na ga ai faifai ne, na ƙarfe dai: wannan ta bi ta kan waccan, ta nutse ƙarƙashin ta gaba. Na kwance ta kaf na sake saƙawa. Da ya dawo ya ɗaga ta ya juya, ya ƙanƙance ido, ya sake juyawa.

Ya ce, "Wa ya shigo gidan nan?"

Na ce, "Akuyar maƙwabta ce, ita ma na kore ta."

Bai yi dariya ba. Ya ce saƙa ta yi, amma ja bai yi ba, in mai kananzir ya hau wannan ba zai kai bakin kasuwa ba. Daga ranar ya fara koya mini, kuma ba ya koyarwa da daɗin baki. Na yi damina biyu ina ɗaurewa yana kwancewa.

Kayan aikina ba su da yawa, har yau suna nan. Akwai makullin waya, wanda maƙerin bayan kasuwa ya ƙera mini daidai yatsuna, domin na Malam ya yi mini girma. Akwai tsohon turmi da ya tsage, aka kafa fok ɗin keke, ƙarfen nan mai baki biyu da ke riƙe ƙafar gaba, a cikinsa baki sama, a nan nake ɗora ƙafa in juya ta. Sai ɗan gawayi da nake riƙewa kusa da rim: duk inda ya kauce zai shafi baƙi, ya nuna kansa. Na ƙarshe kunne ne. Ana kaɗa wayoyi da farce ɗaya bayan ɗaya kamar mai kaɗa garaya. In duk muryarsu ta zo ɗaya, ƙafa ta ɗauru. In wata ta yi ƙasa da murya, ita ce malalaciyar da za ta bar wa sauran aiki. Wannan kunnen ba a sayo shi a kwali.

Sai matsalar da ta haifar da duk labarin nan. Ni ina kulle, ban taɓa ganin masu kawo kekunan ba. Ƙafa kuwa ba a ɗaure wa kowa iri ɗaya. Ta mai ɗaukar buhun gero daban, ta malamin da zai je ɗaurin aure daban. In na tambayi Malam yaya mutumin yake, sai ya ce, "Mutum ne dai." Maza ba su iya kallon mutum ba. Rannan na ce masa, tunda kowa na tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya riƙa miƙo mini su in gani. Takalmi ba ya ɓoye mai shi. Yadda dunduniya ta cinye zai gaya maka nauyinsa. Gefen da ya fi lalacewa zai gaya maka ƙafar da yake dogara da ita. Ƙasar da ta maƙale za ta gaya maka hanyarsa, yashi ne ko tsakuwa ko laka. Da wannan nake zaɓar kaurin waya, da yawan giciyen da zan yi mata, da ƙarfin ja. Malam yakan ce wa mai keke, "Ara mini takalmanka kaɗan," ya shigo da su, ya mayar. Babu wanda ya taɓa tambayar dalili, babu kuma wanda ya san akwai hannun mace a ciki. Har daga ƙauyen Jama'a ake zuwa ana cewa ƙafar Mai Keke ba ta karkacewa. Ban damu ba. Tuwon da yabon ya kawo tare muka ci.

To sai shekarar wahala ta zo. Kayan keke suka ɗauke ɗif. Taya ta zama abin da ake ɗinkewa da zaren buhu, tib kuwa faci a kan faci har ba ka ganin asalinsa. Yaran da ke koyon aiki wajen Malam suka watse, wannan ya tafi ci-rani kudu, wancan ya koma gona. Ana cikin haka yanar ido ta fara rufe wa Malam gani. Da farko ya ce hayaƙi ne, daga baya ya daina gane fuska, sai inuwa. Hannunsa dai bai manta ba, yana iya zuba 'ya'yan boris da lalube ba tare da ɗaya ta faɗi ba. Amma gari ya ji labari, mutane suka ja baya.

Yayansa, Alhaji Mudi, manomi ne a Jama'a, shi ke aiko mana da hatsi a lokacin. Ba mugu ba ne, mutum ne da in ya yanke magana ba ya son a ƙara mata gishiri. Ya zo ya zauna a zaure, ina jin su ta bango.

Ya ce, "Ka ga, ƙanena, sana'ar nan ta ƙare. Ba kaya, ba ido. In an gama girbi zan turo amalanke a kwashe ƙarafan nan a sayar wa maƙera, a ba mai awo hayar zauren, ku dawo gida kusa da ni."

Malam ya ce, "Yaya, ƙarafan nan su ne ni."

"Su ne kai da. Yanzu nauyi ne."

Ba a musu da babban wa. Wato ke nan daga ranar zuwa girbi ne kawai ya rage wa zauren nan, da turmina, da makullina.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da Tanko Wanzam ya yi sallama. Mutumin Kabo ne, na san gidansu da suna, amma ban taɓa ganinsa ba. Muryarsa ta riga shi shigowa.

"Mai Keke, na kawo maka gawa ka tayar."

Na ji an ajiye ƙarfe a ƙasa, ƙararsa siririya, ba irin ta kekunanmu ba. Malam ya shafa ya ce, "Wannan wane irin ƙashi ne? Ai kara ya fi shi nauyi."

"Keken tsere ne. Na wani Ba'indiye ne malamin sakandare da nake yi wa aski. Da kuɗinmu ya lalace ya tattara ya koma ƙasarsu, ya ce in riƙe. Ƙafafun kuwa tun yana nan mota ta bi ta kansu."

Bukatarsa a fili take. Mashin ɗinsa ya mutu, babu kayan gyara. Wanzami kuwa da safiya yake ci: askin suna a wannan ƙauye, wani a wancan, duk kafin rana ta ɗaga. Wani yaro sabon wanzami ya fara riga shi isa gidajen da ya gada tun daga ubansa. Yana son abin da zai yi gudu.

Malam ya kama kan keken, mai lanƙwasa ƙasa, ya ce zai cire ya sa masa irin namu. Tanko ya ce, "Bar mini ƙahon ragon nan. Don shi nake son sa. Ina so in na sunkuya a kai a ce wani Bature ne ya musulunta."

Aka miƙo mini takalma. Sau-ciki ne na fata, masu kyau, ƙasansu ya ɗan goge daidai wa daida, babu gefen da ya fi wani, babu ƙasar gona ko kaɗan. Na ce wa Malam, "Yaya girmansa?" Ya ce, "Ke ma dai. Kowa ya shigo zauren nan inuwa ce cikin babbar riga." Na ce to takalmi ya faɗa: siriri ne, marar nauyi, mai tafiya a hankali.

Tayar irin wannan keke babu ita ko a Kano a lokacin. Sai muka ɗauko rim biyu na keken mata, irin wanda ma'aikatan asibiti ke hawa, domin tayarsa tana samuwa jefi-jefi. Sun fi na asali ƙanƙanta, birki bai kai ba, maƙeri ya ƙera ɗan ƙarfe ya sauko da shi. Ina da ƙunshi ɗaya na sababbin wayoyi sirara, na ƙarshe, da na ɓoye a ƙasan adudu tun kafin kaya su ɗauke. Na ce ga ranarsu. Na ɗaure ƙafa biyu marasa nauyi, in ka kaɗa su kamar suna waƙa. Tanko ya zo ya hau ya tafi, ina jin yara na binsa da ihu.

Ranar kasuwa ya dawo, keke a ka. Alhaji Mudi kuwa yana zaure, ya kawo mana dawa.

Tanko ya ce, "Mai Keke, ga gawarka, ta sake mutuwa. Ban kai Kabo ba na ji tas, tas, kamar ana fasa gyaɗa. Na tashi daga ƙasa na ga ƙafar baya ta koma faifan da aka zauna a kai. Jaririn da zan yi wa aski, da na isa har an raba waina."

Alhaji ya ce, "Ka ji abin da nake faɗa. Yau ƙafar keke ce, gobe wuyan mutum ne. Wanda ba ya gani ba ya ɗaure ƙafa."

Malam ya shigo mini da keken. Na duba. Wayoyin da suka tsinke duk na gefe ɗaya ne. Robar fedar dama har ta fara cinyewa, ta hagu kamar ba a taka ba. Sirdi ya kwanta dama. Na ce, "Malam, ka ba ni izini in yi magana da baƙon nan."

 Ya san abin da hakan ke nufi, ga yayansa a zaune. Sannan ya ce, "Yi. Ai aikinki ne." Ya ɗaga murya yadda na zaure za su ji, ya sake cewa, "Aikinta ne."

Na tsaya bayan asabarin ƙofar ciki na yi sallama, muka gaisa, na tambayi mutanen Kabo da gajiyar hanya. Sannan na ce, "Sarkin aska, wa ka ba aron keken nan?"

"Aro? Ko ɗana ban bari ya taɓa ba."

"To wanda ya hau shi ƙato ne, kuma da ƙafar dama yake tuƙi, hagu rakiya take yi. Wanda aka kawo mini takalmansa kuwa siriri ne da ba ya shiga rana. Ɗaya daga cikinsu ba kai ba ne."

 Can sai na ji Tanko ya fara dariya ƙasa-ƙasa, har ta ƙwace masa.

"Na ƙanena ne, tela. Ranar nan gaisuwar surukai zan wuce Unguwar Tudu. Uwar ɗakina, ina mutum zai shiga gidan surukai da takalmin taya? Ni na zaci addu'a Mai Keke ke tofawa a ciki, na ce ko na wa aka tofa ai ta isa."

Na ce, "Miƙo naka."

Aka miƙo. Takalmin taya ne, faffaɗa kamar kwale-kwale. Na dama dunduniyarsa ta cinye har ana ganin zare. Na hagu kuwa gaba kawai ya goge, bayansa sabo fil.

Na ce, "Hagunka ba ta kai dama tsawo ba. Da kan yatsu kake taka ta."

"A hankali, uwar ɗakina, akwai mutane. Shekara da shekaru ana cewa taƙama nake yi, kada ki ɓata mini suna."

Alhaji Mudi bai yi dariya ba. Ya tambayi ƙanensa, "Tun yaushe?"

Malam ya ce, "Tun kafin a haifi babban yaronmu. Har ƙafar kekenka da kake yabo a Jama'a."

Alhaji ya gyara hula, sannan ya ce, "Ko ma wa ke ɗaurewa, babu namijin da zai kawo wa mace kekensa yana sane. Maganata tana nan. In an gama girbi amalanke zai zo."

Da ya fita na roƙi Tanko ya bar zancen a zauren nan. Ya ce, "Uwar ɗakina, ki ce in daina aski ya fi mini sauƙi. Wanzamin da ba ya surutu ai kai ba ya tsaya masa."

Aiki na biyu shi ne wanda nake alfahari da shi har gobe. Sababbin wayoyi sun ƙare. A bayan gida akwai tarin matattun kekuna na ɗaukar kaya, irin na China, masu wayoyi masu kauri. Na zauna na kwance su ɗaya ɗaya, na jiƙa a kananzir, na goge tsatsa da toka da yashi, na zubar da duk wadda ta yi rauni. Sun yi wa ƙaramin rim tsawo. Ba a yanke waya ta wajen zare, wato bakin da ake murɗawa a jikin rim, in ka yanke nan ka kashe ta. Sai na yanke ta wajen kai, na lanƙwasa bakin da filaya ya zama ƙugiya mai gwiwa biyu, yadda in ta shiga ramin cibiya ba ta fita. Tafin hannuna ya yi kanta, ya fashe, ya sake yi. Ƙafar baya na ƙara mata giciye fiye da yadda aka saba, don ta jure tunkuɗar ƙato mai tuƙi da gefe ɗaya. Ta gaba na bar ta da sauran siraran da suka tsira, domin gaba ba ta ɗaukar nauyi, kuma mutumin gudu yake so.

Sannan na ce wa Malam ya cire sandar fedar hagu ya sa ta keken yara, wadda ta fi gajarta. Ya ce, "Keke da hannu ɗaya dogo ɗaya gajere? Za a yi mana dariya." Na ce ai mai shi ma haka Allah ya yi shi, kuma ba a yi masa dariya, taƙama ake cewa. Masassaƙi ya yanko ɗan katako aka ɗaure a kan fedar don ta taso ta tarbi ƙafar. Sauran kuwa daga gawar mashin ɗin Tanko muka ciro: igiyar kulocinsa ta zama igiyar birki, madubinsa ya hau kan ƙahon rago, soson kujerarsa ya shiga sirdi, badukun unguwa ya rufe da jar fata, ya naɗe ƙahon ma da ragowarta. Robar birki daga tsohuwar tayar babbar mota Malam ya yanko da lalube, bai kuskure ba. Aka sa masa kariya ta keken kaya a baya don ɗora zabirarsa. Da yake ba ya rabuwa da babbar riga, muka yanke garwar kananzir aka rufe sarƙa, kada ta cinye masa riga. In kun ga keken nan sai ku rantse gidaje bakwai aka yi wa sata aka haɗa shi. Amma in ka ɗaga shi da hannu ɗaya yana tashi, in ka juya ƙafa sai ka gaji da jiran ta tsaya.

Ban ga tafiyarsa ba, ban taɓa ganin kekena ɗaya a kan hanya ba. Abin da na ji shi ne, da ya zagaya ya dawo ƙofar gida bai yi wasa ba, karo na farko. Ya ce, "Mai Keke, tun ina yaro in na hau keke ƙuguna ke ciwo. Na zaci haka kowa ke ji."

Daga nan sai labari ya fara dawo mana ta bakin mata masu zuwa barka. Wai Tanko na isa gidan suna kafin a ɗora ruwan koko. Wai ya yi tsere da motar kasuwa daga Kabo, da yake tana tsayawa ɗaukar mutane, ya riga ta shiga Gwarzo. Kuma duk kan da ya kama zai aske, sai ya ba shi labarin matar Mai Keke da ke duba takalmi ta faɗi abin da ko matarka ba ta sani ba. Mutum da aska a wuyansa ba ya cewa ya gaji da ji. Yakan ƙare da cewa, "In za ka je, ka je da naka. Kada ka yi aro, za ta tona ka."

Alhaji Mudi ya yi kuskure a abu ɗaya. Ya ce namiji ba zai kawo wa mace keke ba. Ya manta a shekarar nan babu mai iya sayen sabo, kowa tsohonsa yake lallashi, kuma kowa na son a gaya masa wani abu game da kansa. Wasu ma na tabbata ba don keke suka zo ba.

Aka gama girbi. Ranar kasuwa da hantsi Alhaji ya iso da amalanke kamar yadda ya faɗa. Ya tarar da takalma jere a ƙofar zaure har sun kai gindin dalbejiya, ga maza zaune a tabarma ƙafa ba takalmi, kowa ya yi jugum yana jiran a zo kansa. Kun san abin da wannan ke kama da shi. Alhaji ya diro yana salati.

"Yaushe ya cika? Me ya sa ba a aiko mini ba?"

Daga cikin zaure Malam ya ce, "Yaya, ina nan da raina. Shigo, amma ka bi a hankali kada ka hargitsa mata layi."

Alhaji ya zauna ya sha ruwa. Amalanke ya koma Jama'a babu ko ƙusa a cikinsa. Kasuwa ta gaba amalanken ya dawo ɗauke da matattun kekuna da Alhaji ya tsinto a ƙauye, wai ko za a sami waya a jikinsu. A saman kayan akwai kekensa, da takalmansa ɗaure a sirdi. Ba saƙo, ba magana. Na duba su, na ga mutum ne mai taka ƙasa da ƙarfi, ba ya karkata ko'ina. Na ɗaure masa daidai da haka.

Daga baya an kai Malam Kano aka yi masa aikin ido, ɗaya ya buɗe. Bai sake karɓar makullin waya ba. Yakan ce ya ga abin duniya, ba zai koma jifa da ƙarfe ba.

Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, ina da jikoki a lokacin, wasu samari masu wa'azi suka yi sallama. Da ladabinsu suka zo, ba zan yi musu ƙarya ba. An gaya musu akwai tsohuwa da ke karɓar takalman maza tana shiga da su ɗaki, suna tsoron kada asiri ne. Na sa aka fito musu da turmi da gawayi da makulli, na ce babbansu ya miƙo nasa. Na gaya masa yana jan ƙafar hagu, ya duba sirdinsa zai ga ya yi masa tsawo. Sannan na ce, "'Ya'yana, tun ba a haife ku ba nake ciyar da gida daga bayan asabarin nan, babu namijin da ya san launin mayafina. In akwai gyara ku faɗa, ina ji." Suka ce babu, Inna, a yi mana addu'a. Babban nasu ya bar kekensa.

Yanzu duk an koma mashin, ƙafar ma a haɗe take zuwa, in ta karkace a yar. Ban ce ku koma baya ba. Na dai ce kada in sake jin wani a gidan nan ya ce ba sana'a ba ce.

Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa. Alhaji Mudi ya riga shi da damina ɗaya. Maƙerin da ya yi mini makulli ya tafi, baduku ya tafi, telan da aka ari takalminsa ma ya tafi, shi da bai taɓa shiga rana ba. Cikin waɗanda suka ga shekarar nan a zauren nan, saura ni, sai Tanko Wanzam a Kabo. Ya daina aski, hannu na rawa, amma baki yana nan. Watan jiya ya aiko a gaishe ni, ya ce ya ba jikansa keken, yaron kuma na ƙorafi wai feda ɗaya ta fi ɗaya, tana sa shi ɗingishi. To ai dole, ba don shi aka yi ba. Turmi yana nan, makulli yana nan, kunnena bai mutu ba. Duk wanda zai je Kabo a cikinku ya ce wa yaron ya kawo keken, ya haɗo da takalmansa. Nasa, ba na aro ba.